Shuɗin Ƙwai da Amanar Gwaggo

Shekarun baya, ina sabon buɗe shagon sayar da iri da maganin feshi a Funtua, wata cuta ta kama ni wadda ba a ba da maganinta a asibiti, wato son kaji. Wani Bayarabe haifaffen garin nan, mai sayar da abincin kaji a layinmu, shi ya jawo mini. Wata rana ya yafuto ni, ya buɗe tafin hannunsa, sai ga ƙwai shuɗi. Shuɗi mai haske, kamar farar rigar da aka sa wa bula. Na shafa masa yawu na murza da gefen rigata, ina zaton fenti ne. Bai fita ba.

Ya ce, "Alhaji, haka uwar take yin sa. Jini ne tsantsa, babu gauraye."

Lokacin ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, amma kun san duk mai son sayar maka da abu Alhaji yake ce maka. Kafin wata ya ƙare ya sa an kawo mini kaji mata huɗu da zakara ɗaya daga Kudu, duk masu ruwan toka. Na gina musu akurki a bayan gida, da ragar waya da kwanon rufin da ya fi na kicin ɗinmu kyau, abin da maiɗakina ba ta fasa tuna mini ba har yau. Na kafa doka: ƙwan nan ba a soya shi, ba a dafa shi, na iri ne. Duk baƙon da ya zo gaishe ni sai na kai shi bayan gida ya gani, ko yana so ko ba ya so.

Sai dai kajin nan suna da wani hali mai ƙona rai. Ba sa kwanci. Kowace ta saki ƙwanta, ta karkaɗe jiki, ta yi gaba, kamar ma'aikacin da ya sa hannu a rajista ya fice. Na yi tunanin sayen injin ƙyanƙyasa, amma wutar unguwarmu baƙuwa ce, in ta zo da safe ba ta kaiwa azahar. Nan na tuna da Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, tana zaune a Gozaki, kuma a ɗakinta na yi shekara uku ina firamare. Abin da aka san ta da shi ke nan tun kafin a haife ni: kajinta na gida masu kwanci ne, don haka matan gari suke kawo mata ƙwai ta sa musu. Mai ƙwan zabi ta kawo, mai na agwagwa ta kawo, mai na kajin gidan gona ta kawo. Kowane ƙwai sai ta yi masa alama da gawayi, wannan zane ɗaya, wancan gicciye, wancan ɗigo, kuma duk a kanta take riƙe na wace ce wanne. In sun ƙyanƙyashe ta raina su har su yi ƙwari, mai abu ta zo ta ɗauka, ta bar mata ɗaya ko biyu na wahala. Ban taɓa jin an yi sa-in-sa da ita a kan ɗan tsako ba. Ba ta da gona mai girma, ba ta da ɗa namiji, wannan suna na riƙon amana shi ne abin da take taƙama da shi.

Ina cikin shirin tara mata ƙwai maiɗakina ta haihu. Washegari surukata ta iso daga Malumfashi, da ƙullin kayan yaji da wani jibgegen jan zakara irin na gidan gona, wai na mai jego ne. Aka ɗaure shi da tsumma a jikin turmi. Na dube shi, ya dube ni, ban ji komai a raina ba, tunda naman gobe ne.

Da na dawo daga shago da la'asar, sai na tarar da shi yana yawo a tsakar gida, ƙirji a gaba. Kajina huɗu suna biye da shi. Nawa zakaran, mai jini tsantsa, wanda aka yi wa doguwar tafiya daga Kudu, yana laɓe a bayan randa, tsoron kansa yana zubar da jini.

Na shiga ɗaki na rage murya na ce wa maiɗakina, "Wa ya kwance shi? Wa kuma ya buɗe akurki?"

Ta ce, "Inna ce. Ta ce ƙafarsa ta kumbura. Naka kuma ta ce dabba ba ta son kurkuku, alhaki ne."

"To yaushe za a yanka shi?"

"Ta ce sai bayan suna, in naman rago ya ƙare."

Na ce ta yi mata magana. Ta gyara wa jaririya kwanciya, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Malam, ga ta can a ƙofar kicin. Ka gaya mata da kanka."

Jama'a, ku gaya mini, wane namiji ne zai tsaya gaban surukarsa, wadda ko ido ba ya iya haɗawa da ita, ya yi mata bayanin abin da zakara yake yi wa kaza? Na fita na durƙusa na gaishe ta, ta sa mini albarka, na tashi na wuce. Kullum da safe in kulle akurki da waya, kullum in dawo in tarar an warware. Haka muka yi ta yi ni da ita, babu wanda ya ce da wani uffan, kusan mako uku, har ranar da Allah ya yi aka yi farfesun jan zakara. Na ci nawa kason da wani irin daɗi da bai kamata ba.

To ga inda na yi wautar. Ni ɗan masara ne, a cikinta na tashi, da ita nake cin abinci. Kowa a ƙasar nan ya sani, in ka shuka farar masara kusa da gonar mai jar masara, ba sai ka jira wata shekara ba. A kakar nan, kana ɓare goyon za ka ga jajayen ƙwayoyi sun yi tsilli-tsilli a cikin farin. Gauraye ba ya ɓuya. Ni da kaina nake yi wa manoma wannan huɗubar a shago. Don haka na ce bari in duba ƙwan. Na kwaso na makon nan, na fito da su rana, na juya kowanne ta ko'ina. Shuɗi fes, babu ko ɗigon ja. Na ce alhamdu lillahi, jan zakara hayaniya kawai ya yi, bai taɓuka komai ba.

Na jera goma sha biyu a cikin ƙwarya, na cika tsakaninsu da dusa, na hau babur zuwa Gozaki ina tafiya kamar mai ɗauke da majinyaci.

Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta ɗaga, ta ce, "Kai ɗan nan, shuni ka tsoma su?"

Na yi mata bayani mai tsawo. Ta saurara, ta ce, "To, waɗannan ba sa bukatar gawayi. Ko makaho ya san naka ne." Ta sa su ƙarƙashin wata baƙar kaza ita kaɗai, ta ce in dawo bayan wata biyu.

Tara suka fito. Da na je ɗauka, sai na ga gashinsu ba irin na iyayensu ba ne. Toka-toka dai, amma ga ja a wuya, ga ja a fiffike. A tsakar gidan kuma akwai wasu 'yan tsaki na mutane suna ta kai-kawo, har da masu ruwan toka. Na yi godiya sama-sama, Gwaggo ta ce ba za ta ɗauki ko ɗaya ba tunda na ɗanta ne, na zuba su a kwali na taho. Maiɗakina ta ce in yi haƙuri, gashin yarinta ne, zai zube. Bai zube ba.

Biyar daga ciki mata ne. Na yi ta ɗura musu abinci ina jira, har ranar da ta farko ta yi ƙwai. Na tafi da sauri na ɗauko. Wallahi ban san sunan launin nan ba. Ba shuɗi ba ne, ba ja ba ne, wani abu ne kamar miyar kukar da ta kwana. Ta biyu ta yi, haka. Ta uku, haka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ba da shuɗi goma sha biyu da hannuna, an dawo mini da wannan. A lissafina babu wata hanya sai ɗaya: an musanya. An ba wata nawa, an haɗa ni da 'ya'yan wata kazar da ban san asalinta ba.

Da na kwana a kan maganar, da wataƙila na huce. Ban kwana ba. Na sa ƙwan a aljihu na hau babur. Kuma don abin ya cika, na tarar da gidan cike da mata, lokacin kaka ne, sun taru suna taya Gwaggo ɓarar masara. Mai hankali zai ja ta ɗaki. Ni a tsaye na gaisa, na ciro ƙwan na ɗaga.

"Gwaggo, wannan shi ne abin da na kawo miki?"

Ta kalli ƙwan, ta ce, "A'a."

"To ina aka kai 'yan tsakina? In wata ce ta gani ta yi sha'awa, ai sai a gaya mini. Ba sai a ba ni wasu a ce nawa ne ba."

Gwaggo ta ajiye masarar da ke hannunta a hankali. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Abin da ka ba ni shi na sa wa kaza, abin da ya fito shi na ba ka. Amma tunda ka yi karatu, ka fi ni sani. Ka gaida gida."

Na juyo ina jin kaina kamar wanda ya ci shari'a. Bayan kwana kaɗan labari ya fara zuwa mini ta bakin mahaifiyata. Wata mata ta je ta kwashe ƙwan zabinta daga ƙarƙashin kaza, saura kwana goma su fashe, duk suka lalace. Wata ta tuna wai shekara biyar da suka wuce ta ba da takwas aka ce shida ne suka fito. Ƙwai ya daina zuwa gidan. Kajin Gwaggo suna kwanci a kan ƙasa babu komai. Mahaifiyata ta ce, "Ɗan da ta goya ne ya faɗa, wa zai ƙaryata? Ka je ka ba ta haƙuri." Na ce ai ni aka cuta.

Ana haka sai ga wani abokina ya biyo shago sayen maganin ƙwari. Kirista ne mutumin Dayi, tare muka yi sakandare, yanzu malamin dabbobi ne. Na ce yawwa, ga wanda zai tabbatar mini. Na ba shi labari tun daga farko, na ciro ƙwan daga aljihun tebur, don a lokacin yawo nake da shi ina nuna wa mutane kamar takardar shaida.

Ya juya shi a hannu, sai kawai ya ƙwanƙwasa shi a bakin mudu, ya juye ruwan a kwata. Na ce, "Kai, lafiya?" Ya sa farce ya ɓare 'yar fatar nan ta ciki, ya miƙo mini ɓawon.

"Duba ciki, mutumina."

Cikin ɓawon shuɗi ne. Shuɗin nan dai nawa, mai haske.

Ya ce, "Shuɗi a jikin ɓawon yake, ciki da waje, kamar zaren da aka rina kafin a saƙa. Ja kuwa shafe ne, daga ƙarshe kaza take shafa shi a sama, shi ya sa in ka fasa jan ƙwai cikinsa fari ne. Wannan kazar ta gaji shuɗi, ta kuma gaji shafen ja, ta haɗa su ta ba ka miyar kuka. Duk faɗin Gozaki wa yake da kaza mai shuɗi in ba kai ba? 'Yar kazarka ce. Tambayar ita ce, waye uban?"

Na ce akwai dai wani jan zakara da ya yi 'yan kwanaki a gidan, amma na bincika. Ya ce ta yaya? Na ba shi bayanin masara.

Ban taɓa ganin mutumin nan ya yi dariya irin ta ranar ba. Har ya dafa buhun iri. Mai shagon kusa ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Da ya samu numfashi ya ce, "Ƙwayar masara ita ce 'yar, shi ya sa kake ganin uban a jikinta nan take. Ɓawon ƙwai ba ɗa ba ne, zanen goyo ne, na uwa ne. Ko wane zakara ya bi ta, kazarka shuɗi za ta yi har ta mutu. Uban yana can ciki ya yi shiru. Ba ya fitowa sai ranar da 'yarsa ta fara nata ƙwan." Ya ƙara da cewa ko an yanka zakara, kaza takan riƙe abinsa a jikinta mako biyu ko fiye. Wato ina cin farfesunsa, shi kuwa ya riga ya gama da ni.

Na ce, "To me ya sa babu wanda ya gaya mini?"

Ya ce, "Wa ka tambaya?"

Na koma gida ina neman wanda zan ɗora wa. Na fara da cewa duk abin nan daga warware waya ya samo asali. Maiɗakina ta ce, "Inna ce ta buɗe akurki, gaskiya ne. Ita ce kuma ta hau babur ta je Gozaki ta buɗe baki?" Na fita na tsaya ina harar kaji, su kuma suna ta tsattsagarsu.

Kwana biyu ina juya yadda zan yi. Na uku na ɗauki ƙwai uku na tafi. Na samu Gwaggo ita kaɗai a ɗaki, na ji daɗin haka, na durƙusa na fara. Ta bar ni na kai ƙarshe, har da fasa ƙwai ɗaya na nuna mata cikin ɓawon. Ta duba da kyau. Ta ce, "Ikon Allah." Sannan ta ce, "Amma ba a ɗakin nan ka faɗa ba."

Ta yafa mayafi ta fita da kanta, gida-gida. Kafin a jima tsakar gidan ya cika, har da waɗanda ba sa nan ranar farko. Ta zauna a kan tabarma ta ce, "Ɗana yana da magana."

Ni ne tsaye a tsakiyar matan Gozaki, da hula da agogo, ina fasa ƙwai ina zagawa da ɓawo ina cewa ku duba ciki. Sai da na yi bayanin jan zakara, da surukata, da waya, da masara, abin da na kasa faɗa wa mace ɗaya na faɗa wa mata talatin. Wata tsohuwa ta ce, "Yo mu da ba mu yi boko ba, ai mun san in baƙon zakara ya kwana a gida sai an ga jikokinsa." Aka kwashe da dariya. Matar da ta kwashe ƙwan zabinta ba ta yi dariya ba, ta sunkuyar da kai. Na ce na yi wa Gwaggo ƙazafi, ban da hujja, a yafe mini. Gwaggo ta ce, "Na yafe duniya da lahira. Tashi, ƙafarka za ta yi tsami."

Mata sun dawo da kawo ƙwai, ko da yake ba duka ba. Ni kuma na ci gaba da kiwona, na ware masu jini tsantsa na kulle su da kwaɗo na gaske, kuma yanzu duk wanda ya zo sayen ƙwan iri nakan gaya masa launin ɓawo labarin uwa kawai yake bayarwa, in yana son sanin uba ya tambayi wanda yake kwana a gidan. Har yau in na tuna ina jin haushin zakaran nan, da na abokina mai dariya, amma haushin kaina ya fi yawa. Abin da na sani a gona gaskiya ne. Ɗaukarsa da na yi na kai akurki, na kuma yanke wa tsohuwa hukunci da shi a gaban jama'a, wannan nawa ne ni kaɗai.

Gwaggo tana nan da ranta, ta tsufa sosai. In na je takan yi murna, ta sa a dama mini fura, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Abu ɗaya ne kawai ya canza. Duk abin da na miƙa mata, ko sabulu ne, ko ajiyar maganin da zan dawo in ɗauka, ba ta karɓa sai ta leƙa waje ta kira wata maƙwabciya. Sai matar ta shigo ta tsaya, sannan Gwaggo ta buɗe ledar a gabanta ta ce, "Zo ki gani da idonki abin da ya ba ni."

Da Sallar da ta wuce na ce, "Haba Gwaggo, ni ne fa."

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Ai shi ya sa."